A Daina Yi Wa Ɗalibin Turanci Jaje

Duk shekara idan jami'o'i suka saki sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akwai gidan da ake rangaɗa guɗa, akwai gidan da ake jugum. Akwai kuma gida na uku, inda yaro ya nemi karatun lauya aka ba shi Turanci. A nan ba a san ko barka za a yi ko jaje ba. Kawu zai ce, "Ka dai shiga tukuna, in ka yi shekara sai a nema maka canji." Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Turancin da yake yi tun firamare shi zai koma yi har shekara huɗu?" Uba kuwa ya riga ya gama lissafinsa a zuci: ƙarshenta dai malamin makaranta.

Akwai dalilin da ya sa ake turo mana waɗanda suka rasa lauya. A jarrabawar JAMB duka kwasa-kwasan biyu suna buƙatar darasin adabin Turanci, don haka in gurbin can ya cika, sashen da ya fi kusa shi ne namu. Sai aji ya cika da matasan da jikinsu ke nan, zuciyarsu na tsangayar shari'a.

Ni Turanci na karanta, a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na Arewa, kuma malamin makarantar na zama, ina haɗawa da aikin fassara. Maganar ta shafe ni kai tsaye. A ganina wannan digiri, wato nazarin harshen Turanci da adabinsa a haɗe, yana cikin karatun da Arewa ta fi buƙata a yau. Abin da ya zubar masa da ƙima shi ne mutanen gari ba su san me ke cikinsa ba, su kuma sassan da ke koyar da shi sun bari an raba shi gida biyu, ɗalibi ya ɗauki rabi ya yar da rabi.

Mutanen gari sun ɗauka sashen Turanci wurin koyon zuba dogon Turanci ne, irin wanda ake yi a taron siyasa a tafa ba a gane ba. Wanda ya shiga da wannan tunani, makon farko zai san ba haka abin yake ba. Kimiyyar harshe zai tarar: ilimin furuci da tsarin sauti, ginin kalma, ginin jimla, ilimin ma'ana, walwalar harshe da nazarin salo. Ga kuma adabi: zube, waƙa, wasan kwaikwayo da tarke, tun daga Shakespeare har marubutan Afirka na yau. A nan zai fara jin cewa Turanci haruffa 26 gare shi amma sautukansa sun kai 44, kusan 20 daga ciki wasula ne in aka bi karin Ingila. Hausa kuwa wasulanta biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye irin su ai da au. Kunnen da ya tashi da Hausa dole ya ji wasulan Turanci biyu ko uku kamar ɗaya, har sai an horar da shi.

Ga abin da nake gani a makarantu kullum. Yaro ya tashi zai karanta, ya ce "fan" a inda aka rubuta "pan", aji ya kwashe da dariya, malami ya daka masa tsawa ya ce ya maimaita. Ya yi ta maimaitawa, duk ɗaya, domin shi a kunnensa abin da malam ya faɗa shi yake faɗa. Malamin da bai yi ilimin furuci ba iyakarsa ke nan: tsawa, ko bulala, ko ya ce yaron daƙiƙi ne. Wanda ya yi karatun kuwa ya san dalili. A Hausa p da f ba sa bambanta ma'anar kalma. Da yawanmu da leɓɓa biyu muke furta f, a wasu garuruwan ta fi kusa da p, a ƙasar Sakkwato ma takan koma hw, a ce hwari maimakon fari. Yaron bai taɓa buƙatar rarrabe su ba tunda aka haife shi. Sai malam ya kira shi gaba, ya ce, "Ɗora haƙoranka na sama a kan leɓenka na ƙasa, ka hura iska a hankali." Ga f ta fito. Ya yago 'yar takarda ya riƙe masa a gaban baki, ya ce, "Yanzu rufe leɓɓanka ruf, ka sake su farat ɗaya." Takarda ta yi tsalle. Ga p. Yaron ya ga bambancin da idonsa kafin kunnensa ya kama, kuma ba wanda ya ci masa mutunci.

Haka ma yadda muke cusa wasali tsakanin baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa kalmomin da muka aro suka zama burodi, fulawa, tirela, sukudireba. Doka ce ta harshe. Ɗalibin da aka nuna wa dokar ya san inda zai sa ido. Wanda aka yi wa dariya kawai, abin da ya koya shi ne yin shiru, kuma na ga irinsu da yawa: ga ƙwaƙwalwa, ga sakamako mai kyau, amma a sansanin bautar ƙasa ko gaban masu ɗaukar aiki sai baki ya mutu. Farfesa Munzali Jibril, wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, a kan bambance-bambancen furucin Turancin Najeriya ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Lancaster a 1982. Irin wannan bincike ya nuna kowane yanki na ƙasar nan da tambarin da harshensa na gado ya buga wa Turancinsa, na Bayarabe daban, na Igbo daban, namu daban. A 2020 ma babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, har da Kannywood. Matashin da ya san wannan ya daina sunkuyar da kai don bakinsa ya nuna daga inda ya fito. Zai gyara abin da ke hana a fahimce shi, ya bar sauran.

Ɓangaren adabi shi ya fi shan suka, kuma daga cikin masu sukar har da dattawa masu ilimi. Sukan ce, me zai sa a kwashe shekaru ana karanta ƙagaggun labaran Turawa, masu ɗauke da al'adun da ba namu ba, wasu ma da abin da kunya ba ta bari a faɗa? Ba na raina wannan tambaya, don tarihi ya ba su hujja. A 1835 Thomas Macaulay ya ba gwamnatin mulkin mallaka a Indiya shawarar ta karkata kuɗin ilimi ga Turanci ta ƙyale Larabci da Sanskrit, don a samar da 'yan ƙasa masu tunani irin na mutanen Ingila da za su tsaya tsakanin masu mulki da talakawa. An daɗe ana koyar da adabin Ingila a kwalejojin Indiya kafin Jami'ar Oxford ta yarda ta buɗe digirinsa a 1894. Tun asali akwai manufar mulki a cikin darasin.

Amma amsar tana cikin zaurukanmu, ba sai an je nesa ba. Almajirin ilimi da ya ƙudiri aniyar ƙwarewa a Larabci da Ajurumiya yake farawa, ya haura zuwa Alfiyyar Ibn Malik, ya yi sarfu, ya yi balaga, ya yi aruli. Malaminsa kuma ba ya barin sa a nan. Zai ɗora shi a kan Muƙamatul Hariri, littafin da jaruminsa mayaudari ne mai zaƙin baki, sannan ya kai shi ga waƙoƙin Jahiliyya, su Imru'ul Ƙaisi, mutanen da suka rayu kafin Musulunci, waɗanda baitocinsu ke cike da giya da bege da yaƙin ƙabilanci. Malamanmu masu tsantseni sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna karantar da waɗannan, alhali ba su yarda da rayuwar mawaƙan ba ko kaɗan. Sun san ba a mallakar harshe da ƙa'idoji kaɗai, sai ka ga yadda gwanayensa suka sarrafa shi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Bahrul Muhiɗi a nahawu, ya rubuta Hisnur Rasin a sarfu, kuma shi ɗin dai ne mai ƙasidun da ke cikin Tazyinul Waraƙati, waɗanda duk wanda ya san tsohuwar waƙar Larabawa zai ji ƙamshinta a cikinsu. Nahawu da adabi a hannun mutum ɗaya. Kada a ce na daidaita matsayin Turanci da na Larabci. Larabci harshen Alƙur'ani ne, Turanci kuwa tarihi ne ya ɗora mana shi. Hanyar koyon nake magana a kai. Wanda ya yarda cewa karanta Imru'ul Ƙaisi bai mayar da malamin zaure mashayi ba, bai kamata ya ji tsoron Shakespeare zai mayar da 'yarsa Baturiya ba, muddin akwai tarbiyya a gida da malami nagari a aji.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Karatun adabi na gaskiya shi ke koya wa mutum jayayya da littafi. Joyce Cary ma'aikacin mulkin mallaka ne da ya yi aiki a ƙasar Borgu. A 1939 ya fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu ɗan Kudu da ke aiki a wani gari na Arewa. An zana akawun a matsayin sakarai mai fara'a, mai son Bature kamar ransa. Ya ci bashi, ya yi sata, ya kashe wani Bature mai kanti, a ƙarshe ya roƙi maigidansa Di'o ya harbe shi da hannunsa maimakon a rataye shi. Fadar garin da talakawanta kuwa, wato mu, ko dai masu makirci ko taron da ba shi da tunani. Turawa sun yaba littafin ƙwarai, har aka sa shi cikin abin da ake karantawa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. A can ya faɗa hannun Chinua Achebe, saurayin da ya shiga a 1948 da tallafin karatun likita, ya bar likitancin bayan shekara guda ya koma Turanci da tarihi da nazarin addini, har ya rasa tallafin saboda haka. Yau in yaro ya yi haka dangi ba za su yafe masa ba. Achebe ya sha faɗa cewa ɓacin ran da littafin Cary ya sa shi yana cikin abin da ya tura shi rubutu. A 1958 Things Fall Apart ya fito, yanzu an fassara shi zuwa harsuna fiye da 50. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a ƙasarmu aka kafa labarin Cary, sarkinmu da wazirinmu aka zana, amma amsar da duniya ta ji daga Ogidi, garinsu Achebe, ta fito. Mun daɗe wasu na ba da labarinmu, a littafi da jarida da fim, mu kuma sai ƙorafi a majalisa bayan an gama.

An samu waɗanda suka fasa wannan shiru. Zaynab Alkali, wadda ta koyar da Turanci a Jami'ar Maiduguri, ta fitar da The Stillborn a 1984, ta sa yarinyar ƙauyen Arewa ta yi magana da bakinta. Helon Habila na Kaltungo Turanci ya karanta a Jami'ar Jos, ya ci kyautar Caine a 2001. Ban ce sai da wannan digiri ake zama marubuci ba. Marigayi Abubakar Gimba tattalin arziki ya karanta. Abin da digirin ke samarwa shi ne mai karatu da idon basira, wanda aka horar ya tambayi kowane rubutu: wa ke magana a nan, wa aka hana magana, me aka ɓoye? Shi ne zai lura wani kanun labari ya ambaci ƙabilar mai laifi, wani kuma ya yi shiru a kanta, ko an gina jimla ta yadda wanda ya aikata abu ya ɓace ɓat. A zamanin da saƙon ƙarya ke zagaya wayoyi ya tada fitina a gari kafin azahar, muna buƙatar irin waɗannan mutane a kowace unguwa.

To amma ba zan kare sashenmu ido rufe ba, domin a nan ne gizo ke saƙar. A jami'o'i da dama ɗalibi kan zaɓi inda zai karkata, harshe ko adabi, wasu tun daga shiga. Da yawan masu zaɓar harshe gudun littafi mai shafi ɗari uku suke yi. Da yawan masu zaɓar adabi kuma tsoron alamomin furuci da bishiyar li'irabi ne ya koro su. Kowa abin da zai guje wa yake dubawa. A ƙarshe sai a yaye mai digirin Turanci da zai zana maka jimla reshe-reshe a bisa tsarin masanin harshe Chomsky, amma bai taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba. Ko wanda ya haddace jigon littattafai ashirin daga takardun lacca, amma bai san dalilin da jimlarsa ta karye ba. Tamkar wanda ya shekara huɗu a shagon tela, ya san sunan kowane ƙarfe na keken ɗinki, bai taɓa haɗa riga ba.

An taɓa sa ni cikin masu tantance malaman da wata makaranta za ta ɗauka. Abin da na nema kaɗan ne: kowa ya rubuta shafi ɗaya a kan littafin da ya karanta na ƙarshe. Wani matashi mai ladabi, mai digiri da sakamako mai kyau, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ko zan iya rubutawa a kan wanda na karanta taƙaitawarsa?" Na ce, "Wanne ke nan?" Ya ambaci littafin da ya rubuta kundin kammala digirinsa a kai. Tausayinsa ya kama ni, don gaskiya ya faɗa, kuma ba shi ya tsara abin haka ba. Ya fito daga ajin da ɗalibai ke zaune har kan taga, inda lakcara ɗaya ba zai iya duba rubutun ɗaruruwan mutane ya mayar musu da gyara ba. Ɗakin karatu babu sababbin littattafai, kuɗin littafi ɗaya ya kai na abincin kwanaki. Ga yajin aiki. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Yanzu kuma ga manhajojin waya da ke taƙaita littafi cikin ƙiftawar ido, su rubuta maka aikin gida. Duk wannan gaskiya ne. Amma wannan matashin gobe aji za a ba shi, cike da yara, kuma abin da ba shi da shi ba zai ba su ba.

Gyaran bai buƙatar biliyoyi. A rage tsawon jerin littattafan da ake rubutawa a takarda don burgewa, a sa kaɗan, amma a tabbatar an karanta su. A zaunar da ɗalibi minti biyar, a buɗe masa shafi, a ce, "Karanta mana nan. To me ya faru kafin nan?" Ba manhajar da za ta amsa masa wannan. Ya kuma yi rubutu duk mako, ko da shafi guda ne, a mayar masa da jan biro a jiki. In malamai sun yi kaɗan, ɗaliban digiri na biyu na nan, a ba su alawus su taya.

Akwai kuma katangar da nake so a rushe, wadda ke tsakanin sashen Turanci da sashen harsunan Najeriya. A 1968 Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a Nairobi sun rubuta takarda suna neman a soke sashen Turanci ɗungurungum, a kafa na harsuna da adabin Afirka a madadinsa. Ni ban kai can ba. Sashe na 55 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa Turanci a gaba wajen gudanar da Majalisar Tarayya, Hausa da Igbo da Yarabanci sai an yi musu tanadi. Da Turanci ake rubuta dokokinmu, da shi ake shari'a a manyan kotuna, in babu kiredit a cikinsa babu shiga jami'a. Wanda ya ce ɗan talaka ya yi watsi da shi ya rufe masa ƙofa ne. Amma tambayar Ngugi tana nan daram: a ina ɗalibin Afirka zai tsaya ya kalli adabin duniya? Ni dai amsata, a kan harshen da ya tsotsa a nono.

Abin takaici ne ɗalibi a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya shekara huɗu yana nazarin nahawun Turanci, bai taɓa buɗe littafin nahawun Hausa na Farfesa M.K.M. Galadanci na 1976 ba, bai san Paul Newman ya fitar da ƙaton littafi kan Hausa a 2000 ba, alhali sashen da ake koyar da su taku kaɗan ne daga nasa. Kayan aikin iri ɗaya ne. Ajin da zai koyar kuma cike yake da masu Hausa a baki, ko Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci. In bai san ginin harshensu ba, ta ina zai gano tushen kuskurensu? Yaron da ke kiran mota da wakilin sunan mace a Turanci, daga Hausa ya ɗauko, inda mota mace ce. Sabon tsarin karatun da Hukumar Jami'o'i ta ƙaddamar a 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ya dace da ita. Ga dama nan a hannu.

Fassara kuwa fili ne da muka bari fayau. Magabata sun fara: Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da Animal Farm na George Orwell zuwa Gandun Dabbobi a 1975, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya ba mu Daren Sha Biyu daga Shakespeare. Ta ɗaya ɓangaren, Mervyn Hiskett ne ya kai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa Turanci a 1967. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya shiga Turanci a 2012 ta hannun Aliyu Kamal, malamin Turanci a Jami'ar Bayero, kuma wani kamfani a Indiya ne ya buga shi. Ɗaruruwan littattafan Hausa na nan jibge suna jiran wanda ya mallaki harsunan biyu, ya kuma san adabi.

Saura maganar me za a ci da shi. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba: da yawanmu koyarwa muke yi, kuma albashin malami a ƙasar nan, musamman a makarantu masu zaman kansu, abin kunya ne. Laifin mai biyan albashin ne, kuma masu digirin kimiyyar siyasa da na noma ma suna nan tare da mu a ɗakin malamai. Bayan aji akwai gidajen jaridu da na rediyo; sashen Hausa na BBC tun 1957 yake aiki da waɗanda za su karɓi labari da Turanci su fitar da shi da Hausa nan take. Akwai tafinta a kotu, inda kalma ɗaya da aka juya ba daidai ba za ta iya ɗaure mutum. Akwai rubutun da ke bin ƙasan finafinan Kannywood, wanda kowa ya san irin kwaɓar da ake yi a ciki, ga kamfanonin da ke koya wa kwamfuta fassara. Duk waɗannan iyawa suke saye. Mai rabin digiri shi ke yawo da fayil daga ofis zuwa ofis.

Kuma koyarwar da ake rainawa, nan ne ciwon ya fi tsanani. A 2022 gwamnatin tarayya, lokacin ministan ilimi Adamu Adamu, ta amince a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci tun daga tushe. Ina cikin masu ganin yaro ya fi gane lissafi da kimiyya da harshen da yake tunani da shi. Amma kowace manufa aka bi, wa zai tsaya gaban allo? In an ce da Turanci za a koyar da yaron Ɓaɓura ko Illela, wanda ba ya jin Turanci a gida ko a kasuwa, sai an samu malamin da ya san Turancin ciki da bai, ya kuma san Hausar yaron. Kwalejojin ilimi ke yaye malaman firamare, malaman Turanci na kwalejojin kuma daga jami'o'i suke fitowa. In can sama ya lalace, har ƙauye ɓarnar za ta kai, kuma za mu ci gaba da ganin yaran da suka ci lissafi da kimiyya suna zaune a gida saboda Turanci ya kayar da su a WAEC ko NECO.

Gwamnonin Arewa da ke ɗaukar nauyin masu karatun likita da injiniya su ware wani abu ga waɗanda za su koyar da harshe, tunda da harshen ake shiga likitancin. Ku kuma shugabannin sassan Turanci na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri, Jos da sauran jami'o'inmu, ina roƙonku ku zauna da takwarorinku na harsunan Najeriya kafin zangon karatu mai zuwa. Ku fitar da kwas na haɗin gwiwa kan kwatanta Turanci da harsunan gida, ku mayar da fassara dole, ku hana kowa zubar da harshe ko adabi kafin shekarar ƙarshe. Wanda bai karanta littafi ya kai ƙarshe ba, bai iya rubuta shafi guda mai tsabta ba, don Allah kada ku sa masa hannu a takardar digiri.